Babi na Bakwai: Kasuwar Kuɗin Kare Muhalli da Rabonmu a Cikinta

A watan Disambar 2017, Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa da ke Abuja ya sayar da wasu takardun lamuni na Naira biliyan 10.69, masu wa'adin shekara biyar, a kan kuɗin ruwa na kashi 13.48 cikin 100. In dai ta yawa ce, kuɗin ba su taka kara sun karya ba, don a canjin wancan lokaci ba su wuce kimanin Dala miliyan 30 ba, kuma gwamnatin tarayya takan ci bashin da ya ninka wannan a cikin wata guda. Abin da ya fitar da su daban shi ne alkawarin da ya zo tare da su: ba za a taɓa su don biyan albashi ko gudanar da ofisoshi ba, sai dai a kashe su a kan ayyuka uku da aka faɗi sunayensu tun kafin a karɓi kwabo, dukansu na kare muhalli. Da wannan ne Najeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da gwamnatinta ta fitar da takardar lamuni ta kare muhalli, kuma ta huɗu a duniya bayan Poland da Faransa da Fiji. Hajiya Amina Mohammed ce ta aza harsashin aikin lokacin tana Ministar Muhalli, kafin ta tafi Majalisar Ɗinkin Duniya a farkon 2017.

Ɓarnar da sauyin yanayi ke yi mana ba ɓoyayya ba ce. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Rairayi na ci gaba da cin gonaki a arewacin Yobe da Borno da Sakkwato. Tambayar da wannan babi ya sa a gaba ita ce: wa zai biya kuɗin gyara? Tsarin sauya makamashi da gwamnati ta ƙaddamar a Agustan 2022 ya ƙiyasta cewa ƙasar na buƙatar ƙarin kimanin Dala biliyan 10 a kowace shekara har zuwa 2060, a kan abin da aka saba kashewa. Kasafin gwamnati ba zai ɗauki wannan ba. Tallafin ƙasashen waje ma ba abin jingina ba ne: a Kopenhagen a 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin Dala biliyan 100 a shekara kafin 2020, amma ko a lissafinsu na kansu ba su cika ba sai 2022, kuma kaso mai yawa na abin da suka bayar rance ne. Saura kuɗin da ke hannun masu zuba jari, wato kamfanonin fansho da na inshora da bankuna da talakawa masu 'yar ajiya. Jawo waɗannan kuɗi zuwa aikin muhalli shi ne dalilin kafa kasuwar da za mu duba, kuma za mu ga cewa amana ce ke tayar da ita, rashin amana ne ke kayar da ita.

Dalilin da ya sa kuɗi ne a gaba

Ɗauki manomin rani a Kadawa ko a fadamar Haɗeja. Injin ban ruwa mai shan fetur ba shi da tsadar saye, amma kullum sai an zuba masa mai. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 har ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma manoma da yawa sun rage faɗin abin da suke nomawa. Injin mai aiki da hasken rana kuwa akasin haka ne: duk tsadarsa tana ranar saye, bayan nan rana ba ta karɓar ko sisi. Manomin ya san wanne ya fi masa, abin da ya rasa shi ne dunƙulallen kuɗin da zai ajiye a rana ɗaya.

Haka kusan dukan ayyukan muhalli suke. Tashar lantarki ta hasken rana, madatsar ruwa, magudanar da za ta kare gari daga ambaliya, gandun daji: ana kashe kuɗin yau, amfanin yana zuwa a hankali cikin shekara ashirin ko talatin. Saboda haka abubuwa biyu ne ke yanke hukunci a kan ko za a yi aikin ko ba za a yi ba, wato tsawon wa'adin bashin da kuma tsadarsa. Tashar hasken rana iri ɗaya, da kayan aiki iri ɗaya, za ta ba da wuta mai rahusa a Jamus, inda hadari ke rufe rana rabin shekara, fiye da yadda za ta bayar a Katsina mai rana ƙwal, don kawai Bajamushe yana samun rance mai sauƙi na dogon zango, Bakatsine kuwa banki zai ba shi na shekara biyu a kan kashi 30 cikin 100. Duk dabarun kuɗin da za mu ambata a nan ƙoƙari ne na tsawaita wa'adi da rage tsada.

Yadda takardar take aiki

Takardar lamuni shaidar bashi ce. Gwamnati ko kamfani na karɓar kuɗin jama'a, yana biyan kuɗin ruwa duk wata shida, ya mayar da uwar kuɗi idan wa'adi ya cika. Ta kare muhalli ma haka take, sai dai an ɗaure ta da sharaɗi. Kamar mai kuɗi ne a ƙauye da ya ba manomi rance ya ce na taki ne, ba na aure ba, kuma zai zo gona ya ga buhunan da idonsa, ya dawo da kaka ya ga abin da takin ya haifar.

Bankin Zuba Jari na Turai ne ya fara fitar da irin wannan takarda a 2007, ta Yuro miliyan 600. A 2008 Bankin Duniya ya bi sahu, bayan wasu kamfanonin fansho na Sweden sun nemi hanyar da za su sa kuɗinsu a ayyukan yanayi ba tare da sun jefa ajiyar tsofaffi cikin haɗari ba. Wannan asali yana da muhimmanci: masu kuɗin ne suka nemi kayan, ba a tilasta musu ba. A 2014 wasu manyan bankuna suka haɗu suka rubuta ƙa'idojin da kasuwar ke bi har yau, masu ginshiƙai huɗu. Na farko, a faɗi irin ayyukan da za a kashe kuɗin a kansu. Na biyu, a bayyana yadda aka zaɓi ayyukan da kuma wanda ya zaɓa. Na uku, a ware kuɗin a asusu na daban ko a riƙa bin sawunsu yadda ba za su cakuɗa da sauran ba. Na huɗu, a riƙa fitar da rahoto kowace shekara a kan abin da aka kashe da abin da aka samu. A kan waɗannan ne ake ɗauko wani kamfani mai zaman kansa ya duba ya sa hannu.

Kasuwar ta yi girma cikin sauri. Kafin ƙarshen 2020, jimillar takardun da aka fitar a duniya ta kai Dala tiriliyan 1, kuma daga 2021 abin da ake fitarwa a shekara guda yana kewayen rabin tiriliyan. Amma rabon Afirka a cikin wannan bai kai kashi 1 cikin 100 ba, alhali nahiyar ce ta fi kowa shan wahalar sauyin yanayi, kuma ita ce mafi ƙarancin hannu wajen haddasa shi. Birnin Johannesburg ya fitar da tasa a 2014, Cape Town a 2017, Masar ta karɓi Dala miliyan 750 a 2020. Bayan waɗannan da wasu 'yan ƙalilan, sauran nahiyar tana gefe tana kallo.

Inda kuɗin Najeriya suka tafi

An raba Naira biliyan 10.69 ɗin nan gida uku. Biliyan 8.55 sun tafi ga shirin samar wa jami'o'in tarayya lantarki daga hasken rana, biliyan 1.99 ga dashen itatuwa, miliyan 150 ga ƙananan tashoshin wuta na karkara. Daga cikin jami'o'in da shirin ya shafa akwai Jami'ar Bayero ta Kano, inda a Satumbar 2019 aka buɗe tasha mai ƙarfin megawat 7.1, haɗin faifan sola da batura da injinan ko-ta-kwana, wadda a lokacin aka bayyana ta a matsayin mafi girma irinta a Afirka cikin waɗanda ba su haɗe da babban layin wuta. Wannan ita ce fa'idar farko ta irin wannan bashi: ana iya nuna abin da ya gina da yatsa.

A Yunin 2019 gwamnati ta koma kasuwa ta nemi Naira biliyan 15, masu saye suka kawo tayin fiye da ninki biyu. Daga nan aka yi shiru na shekara shida, sai a Yunin 2025 aka nemi biliyan 50, aka samu tayin sama da biliyan 91, a kan kuɗin ruwa na kashi 18.95 cikin 100. Tsakanin ta farko da ta biyu, Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari ta fitar da dokokin irin waɗannan takardu a 2018, 'yan kasuwa kuma suka shigo. Bankin Access ya fitar da ta Naira biliyan 15 a Maris ɗin 2019. A shekarar ce kuma kamfanin North South Power, mai gudanar da tashar lantarki ta madatsar Shiroro a Jihar Neja, ya karɓi biliyan 8.5 na shekara 15.

Wannan na Shiroro ya cancanci a tsaya a kansa. Da wuya kamfani mai zaman kansa a Najeriya ya samu bashin Naira na shekara 15, domin doka ta hana kamfanonin fansho sa kuɗin ma'aikata a takardun da darajarsu ba ta kai wani mataki ba. Abin da ya warware ƙullin shi ne tsayawar InfraCredit, cibiyar da Hukumar Zuba Jarin Ƙasa da GuarantCo suka kafa a 2017, wadda aikinta shi ne tsaya wa mai cin bashi: in ya kasa biya, ita za ta biya. Da wannan lamuni darajar takardar ta tashi, kamfanonin fansho suka samu halin saye. Darasin shi ne, kuɗin tallafi kaɗan idan aka sa su a matsayin jingina suna iya jawo kuɗin kasuwa da suka ninka su sau da yawa.

Duk da haka, a haɗa takardun gwamnati uku, ba su kai Naira biliyan 76 ba cikin shekara takwas, a ƙasar da kasafinta na 2025 kaɗai ya kusa tiriliyan 55, kuma ajiyar fanshon ma'aikatanta ta haura tiriliyan 20. Masu saye suna nan, tayin da suke kawowa ya shaida haka. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kayan sayarwa.

Abubuwan da suka riƙe ƙafar kasuwar

Na farko tsadar kuɗi. Hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100 a 2024. A irin wannan hali babu mai ajiyar da zai yarda ya karɓi ƙasa da abin da takardar gwamnati ta yau da kullum ke biya, don kawai an ce ta muhalli ce. A Turai akan samu ɗan ragi, amma bai taka kara ya karya ba. A nan kusan babu shi.

Na biyu canjin kuɗi. Dalar da ake saya a kan Naira 360 a 2017 ta kai kewayen 1,500 a 2024. Wanda ya ci bashin Dala ya gina tashar wuta, yana karɓar kuɗin wuta da Naira, bashinsa ya ninka sau huɗu ba tare da ya ƙara cin kwabo ba. Wannan ne ya sa bashin Naira, duk da tsadarsa, ya fi kwanciyar hankali ga aikin da Naira zai riƙa samu.

Na uku ƙarancin ayyukan da aka shirya da kyau. Mai kuɗi yana son ya ga binciken injiniya, takardar fili, lissafin wanda zai sayi wutar da yadda zai biya, da kuma tabbacin za a gama aikin. Tashar lantarki mai aiki da iska ta megawat 10 da ke Lambar Rimi a Katsina ta shafe fiye da shekara goma ana kai-kawo a kanta. Duk mai zuba jari da ya san labarinta zai ƙara tunani kafin ya sa hannu a wata.

Na huɗu ƙanƙantar masu buƙata. Kasuwar takardu tana magana da biliyoyi, manomin Kadawa yana neman abin da bai wuce 'yan miliyoyi ba. Ba zai taɓa zuwa Legas ya fitar da takarda ba. Dole a samu mai tsayawa a tsakani, ko ƙungiyar manoma ko bankin karkara ko kamfanin da ke ba da kayan sola a biya kaɗan-kaɗan, ya tara dubban ƙananan basussuka su zama dunƙule guda da za a kai kasuwa. Inda babu wannan mahaɗi, kuɗin muhalli suna tsayawa a manyan birane.

Sukuk: ƙofar da ta fi kusa da mu

Akwai cikas na biyar da masana daga waje ba su cika lura da shi ba. Ɗimbin masu kuɗi a Kano da Sakkwato da Maiduguri, da ma Maraɗi da Damagaram, ba za su sayi takarda mai kuɗin ruwa ba komai kyawun aikin da za a yi da ita, domin riba haramun ce a addininsu. Amsar wannan tana nan, kuma mun riga mun san ta.

A sukuk mai saye ba rance yake bayarwa ba, yana mallakar kaso ne a wata kadara, ana biyansa kuɗin haya ko rabon abin da kadarar ta samar. Jihar Osun ta fara a 2013 don gina makarantu. A 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da na Naira biliyan 100, aka raba daidai ga shiyyoyi shida don gyaran hanyoyi 25, kuma duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri ko Abuja zuwa Lokoja ya ga allunan da ke nuna sassan da sukuk ya gina. Mai Naira dubu 10 yana iya saye. Kafin ƙarshen 2023 an tara sama da tiriliyan 1 ta wannan hanya, a 2025 kuma da aka nemi biliyan 300, tayin da aka kawo ya haura tiriliyan 2.

Mai karatu zai lura cewa sharaɗin sukuk da na takardar muhalli kusan abu ɗaya suke nema: kadara sananniya, kuɗi a ware, da kwamitin da ke duba cewa an bi ƙa'ida. Haɗa su ba sabon abu ba ne. A Malesiya kamfanin Tadau Energy ya fitar da sukuk na muhalli na farko a 2017, na Ringgit miliyan 250, don gina tashar hasken rana a Sabah. A 2018 Indonesiya ta zama gwamnati ta farko da ta yi haka, da Dala biliyan 1.25, kuma daga 2019 ta fara sayar wa talakawanta kai tsaye ta intanet. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, wanda Najeriya da Nijar duk mambobinsa ne, ya fitar da nasa na Yuro biliyan 1 a 2019.

A ganina, nan ne ya kamata jihohin Arewa su mai da hankali. Tashar hasken rana da za ta ba kasuwar Kantin Kwari ko Sabon Gari wuta, injinan ban ruwa na haya ga ƙungiyoyin manoma, famfunan ruwan sha masu aiki da rana a asibitoci, duk kadarori ne masu kawo kuɗin shiga, waɗanda tsarin ijara, wato haya, ya dace da su. Ga bankunan da ba sa mu'amala da riba, Jaiz da TAJ da Lotus, suna neman inda za su ajiye kuɗi ta halal. Ga malamai sun daɗe suna karantar da cewa dasa itace da haƙa rijiya sadaka ce mai gudana. Ayyukan da ba sa kawo kuɗin shiga kuwa, kamar gandun da zai tare rairayi, wakafi na iya ɗaukar nauyinsu.

Sauran kayan kasuwar

Bayan takardun lamuni akwai cinikin hayaƙi. Wanda ya rage tan ɗaya na iskar kabon, ko ya shuka itatuwan da suka zuƙe ta, ana ba shi shaida ya sayar wa kamfanin da ke fitar da ita. Tarayyar Turai ta buɗe kasuwarta a 2005, kuma a Fabrairun 2023 farashin tan ɗaya a can ya kai Yuro 100. Wata ɗaya kafin nan, Ghana ta karɓi kimanin Dala miliyan 4.8 daga wani asusu na Bankin Duniya saboda rage sare daji a yankunan koko, a kan Dala 5 kowane tan. Kasuwannin biyu ba ɗaya ba ne, ta Turai doka ce ta tilasta ta, amma tazarar tana nuna yadda ake sayen namu da arha. Tarihin wannan ciniki ma yana da gargaɗi: a ƙarƙashin yarjejeniyar Kyoto ta rage hayaƙi, Afirka ba ta samu fiye da ɗan ƙaramin kaso na ayyukan ba, kuma a ƙarshen 2012 farashin ya faɗi ƙasa da Yuro 1. An kammala sababbin dokokin cinikin a taron sauyin yanayi na Baku a 2024. Duk al'ummar da aka zo wa da takardar yarjejeniya ta shekara talatin ko arba'in a kan dajinta, ta tambaya tun farko: kaso nawa ne namu, wa zai auna, kuma shin za a hana mu kiwo da itacen girki?

Akwai inshorar fari, wadda ke biya da zarar ma'aunin ruwan sama ya nuna ƙaranci, ba sai an jira an zagaya gonaki ba. Tarayyar Afirka ta kafa hukumar wannan aiki a 2012, kuma bayan ƙarancin damina ta 2014, Nijar da Senegal da Murtaniya sun karɓi sama da Dala miliyan 26 a farkon 2015. Akwai kuma musayar bashi da kare muhalli, inda ake sassauta wa ƙasa bashi bisa sharaɗin ta kashe wani kaso a kan dazuka ko tekunta. An fara da Bolibiya a 1987, Gabon ta yi na Dala miliyan 500 a 2023.

Amana

Duk waɗannan kayan ciniki alkawari ake sayarwa a cikinsu, alkawari kuwa ana iya yin ƙarya da shi. Akwai kamfanonin da ke shafa wa aikinsu fentin muhalli a waje, ciki kuwa yana nan yadda yake. Har ma'anar aikin muhalli ana jayayya a kanta: jerin da Sin ta fitar a 2015 ya haɗa da wasu ayyukan kwal, sai a 2021 aka cire su, Tarayyar Turai kuma a 2022 ta shigar da iskar gas da nukiliya bisa sharuɗɗa, bayan zazzafar gardama. A farkon 2023 wani binciken 'yan jarida ya yi zargin cewa akasarin shaidun kare dazuka da babbar hukumar tantancewa ta duniya ta amince da su ba su rage hayaƙin da aka ce sun rage ba. Hukumar ta musanta, amma farashin irin waɗannan shaidu ya faɗi.

A wajenmu jarrabawar ta fi sauƙin ganewa. Rahoto zai ce an dasa itace miliyan kaza. Tambayar ita ce nawa suka rayu bayan rani uku, don kowa ya san makomar dashen da babu mai ba shi ruwa, babu mai kare shi daga awaki. Rahoto zai ce an kafa tasha mai ƙarfin kaza. Tambayar ita ce wutar awa nawa take bayarwa a yau, kuma wa ya tanadi kuɗin canja batura idan ƙarfinsu ya ƙare.

Maƙwabtanmu sun nuna abin da ke sa itace ya rayu. Daga tsakiyar shekarun 1980, manoman Maraɗi da Damagaram suka fara barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna yi musu aski maimakon sarewa. An ƙiyasta cewa sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200, ba tare da wani babban rance ba. Abin da ya ƙarfafa su shi ne lokacin da manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ba na jami'in gandun daji ba. Kuɗin muhalli da za su yi tasiri su ne waɗanda za su biya irin wannan manomi a kan itacen da ke tsaye, maimakon su ƙare a hannun ɗan kwangila ranar bikin dashe. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda ya ratsa jihohinmu 11, da shirin ACReSAL na Dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, duk da wannan ma'auni ya kamata a gwada su.

Abin da ya rage mana

Gwamnatin tarayya ta riƙa fitar da takardun muhalli a kai a kai, kowace shekara, don kasuwa ba ta kafuwa da zuwa sau uku a shekara takwas, ta kuma fitar da sukuk na muhalli mai ƙaramin farashin da talaka zai iya saye. Jihohi su kashe kuɗi wajen shirya ayyuka da kyau kafin su nemi masu zuba jari. Tallafin da ke zuwa daga waje a sa kaso mai tsoka nasa a matsayin jingina ga bashin Naira na dogon zango. A buga rahoton kowace takarda, aiki bayan aiki, da sunan gari da adadin kuɗi, a kuma fassara shi zuwa Hausa a karanta a rediyo, domin mutanen da aka ce an yi wa aikin su ne shaidun da suka fi kowane mai tantancewa sanin gaskiya. Gani ya kori ji.

Kai kuma mai karatu, in kai ma'aikaci ne mai asusun fansho, akwai yiwuwar kuɗinka na cikin waɗanda suka sayi takardun nan, kuma da harajinka ake biyan bashin. Kana da hakkin ka tambayi kamfanin fanshonka inda ya sa su, ka tambayi ɗan majalisarka abin da aka gina da su a yankinku, ka je ka duba ko yana aiki. Bashi ne, ba kyauta ba, kuma mu da 'ya'yanmu za mu biya shi, saboda haka wajibi ne mu tabbatar an yi aikin da aka ci shi dominsa.